Gem ɗin da muka saya da kuɗinmu, namu ne ko aro aka ba mu?

Abba Mai Gem: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai kan kamfanonin nan masu yin gem da masu ƙera na'urar buga shi, ina so mu tattauna ta tsakani da Allah. Abin da na lura shi ne a hankali a hankali suna raba mu da mallakar abin da muka sa kuɗi muka saya. Ku duba PS5 Pro da Sony ta fitar a Nuwamban 2024, dala 699 amma babu wajen sa faifai, in kana so sai ka ƙara kusan dala 80 ka sayi abin faifan daban ka maƙala. Nintendo ma da ta kawo Switch 2 a Yunin 2025 akwai katin da za ka saya a cikin kwalinsa da komai amma gem ɗin ba ya ciki, mukulli ne kawai, sai ka hau intanet ka sauke shi. Wanda ya fi tayar min da hankali kuma shi ne na Ubisoft, wasan tseren motar nan The Crew da ya fito a 2014, ƙarshen Maris 2024 suka kashe sabarsa, wato kwamfutar kamfanin da gem ɗin ke haɗuwa da ita ta intanet, kuma shi kenan ya mutu a hannun kowa, har wanda ya sayi faifai, ko kai kaɗai za ka yi tsere ba zai buɗe ba. Wannan ai kamar ka sayi babur ne ka biya lakadan, bayan shekara goma kamfani ya aiko a cire injin a ce dama ba a sayar maka da shi ba. To ni tambayata, in na biya, me na saya?

Baffa PES: Wa alaikumussalam. Wallahi Abba ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Lokacin PS2 faifanka naka ne, ka ba abokinka aro, ka yi musanye, in ka gaji ka sayar ka ƙara ciko ka ɗauki wani. Yanzu wanda ka saya a akawun ko ƙaninka ba za ka iya bar wa ba sai dai ka ba shi akawun ɗin gaba ɗaya

Sadik Zariya: Bari in ɗan tsaya wa kamfanonin, ba don ina son duk abin da suke yi ba, amma dai a faɗi gaskiya ta kowane ɓangare. Na ɗaya, ita na'urar kanta ba a nan suke cin riba ba. A shari'ar Epic da Apple a 2021 wata babbar ma'aikaciyar Microsoft ta faɗa a gaban kotu cewa ba su taɓa cin riba a kan sayar da Xbox ɗin kanta ba, Phil Spencer, shugaban Xbox a lokacin, ma ya ce a 2022 suna yin asarar dala 100 zuwa 200 a kan kowace ɗaya. To ina za su fanshe? A kashi 30 cikin ɗari da suke cira daga duk gem ɗin da aka saya a shagonsu na intanet, da kuɗin wata da ake biya. Na biyu kuɗin haɗa gem ya yi tashin da mutane ba sa lissafawa, takardun da suka fito lokacin shari'ar sayen kamfanin gem na Activision da Microsoft ta yi sun nuna The Last of Us na biyu ya ci dala miliyan 220, Horizon Forbidden West ya ci miliyan 212, ɗaruruwan mutane ne suke aiki shekara biyar shida a kan abu ɗaya. Kuma farashin sabon gem ya zauna a dala 60 tun wajen 2005 har 2020 bai motsa ba alhali komai ya yi tsada. Saboda haka da suka mayar da shi 70 ni ban ga zalunci ba

Abba Mai Gem: Sadik ban ƙi taka ba, kuma ka lura ni ban fara da maganar tsada ba. Ka sa min dala 70 na yarda in ina da ita, amma ka bar min abina. Meye haɗin tsadar haɗa gem da kashe shi a hannun wanda ya riga ya biya?

Sadik Zariya: Sabar ai kuɗi take ci mutumina, wuta, ma'aikata, lasisin motocin da ke ciki da waƙoƙi duk suna da wa'adi. Ba za a riƙe ta har abada ba saboda mutum ɗari biyu da suka rage suna bugawa

Usman Manchesta: Sadik a nan kam ba na tare da kai. Babu wanda ya ce su riƙe saba har abada. Abin da masu fafutukar Stop Killing Games suke nema, wanda Ross Scott ya fara a 2024 saboda wannan The Crew ɗin, shi ne in za ka janye hannunka to ka bar gem ɗin a yanayin da zai iya buɗewa ba tare da kai ba, ko ka bar mutane su kafa tasu sabar. Sa hannun da suka tara a Tarayyar Turai ya haura miliyan ɗaya a Yulin 2025. Kuma hujjar cewa abu ne mai yiwuwa ita ce Ubisoft ɗin da kanta, da surutu ya yi yawa ta yi alƙawarin The Crew 2 da Motorfest za a iya buga su ba intanet. To ashe dama ana iyawa kenan, ba a ga dama ba ne a na farko. Sannan maganar Abba ta me na saya, amsar tana rubuce, lasisi ka saya ba kaya ba. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 cewa shagon intanet ba zai rubuta maka kalmar saya ba sai ya bayyana maka cewa izinin amfani kawai kake biya, shi ya sa Steam, shagon gem na kwamfuta, yanzu suke sa wannan sanarwar kafin ka biya. Ba su canja komai ba fa, sun dai fara faɗa maka gaskiya ne

Laminu Damagaram: Sannunku da hira. Ni duk wannan da kuke faɗa na Turai da Amurka ne, su aƙalla suna da kotu da majalisar da za su kai kuka. Mu fa? Je ka buɗe akawun ɗin PlayStation ka nemi Nijar a jerin ƙasashe, babu, Najeriya da ta fi kowa yawan jama'a a Afirka ita ma babu, Afirka ta Kudu ce kawai a wannan yankin namu. Kowa a nan akawun ɗin Faransa ko Amurka yake buɗewa da adireshin da bai taɓa takawa ba, ya sayi kati a hannun 'yan kasuwa da ƙarin riba a kai. Ranar da aka samu matsala ta yaya za ka yi ƙorafi, tun farko a wajensu ka saɓa ƙa'ida tunda ka ce kana Paris alhali kana Zinder. Na'urar suna so mu saya, amma a takardunsu babu mu

Zee CODM: Wannan gaskiya ne Yaya Laminu, kuma an gani a fili lokacin Helldivers 2 a Mayun 2024

Baffa PES: Me ya faru a lokacin? ban bi labarin ba

Zee CODM: Gem ne na Sony da suka sayar a kwamfuta ta Steam, mutane suka saya suna ta bugawa wata uku, kawai sai aka ce dole kowa ya haɗa da akawun ɗin PSN, wato na PlayStation, ko a rufe masa. To mutanen ƙasashen da babu PSN fa da suka riga suka biya? Nan take aka cire gem ɗin daga kasuwa a ƙasashe da yankuna sama da 170. 'Yan wasa suka yi ca a kansu, cikin 'yan kwanaki Sony ta janye maganar akawun ɗin, amma gem ɗin ya daɗe a rufe a waɗancan ƙasashen bayan nan. Abin da ya tsaya min shi ne da suka zauna suka yanke wannan shawarar babu wanda ya tuna akwai mutane a wajen jerinsu

Abba Mai Gem: Kin gani ko. Kuma ku ƙara da maganar dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta wuce 1,500. Gem ɗin dala 70 ya zama sama da naira dubu ɗari kenan, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dubu 70 ne. Sabon gem guda ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Da faifai ne sai mutum ya jira wata shida ya sayi na hannu a rabin kuɗi, ko mutum uku su haɗa su saya suna karɓa-karɓa, to wannan ƙofar ce ake rufewa. A shagon intanet babu na hannu, farashi ɗaya ne kuma mai shago ɗaya ne. Tun 2019 Sony ta hana sauran 'yan kasuwa sayar da lambar sauke gem ɗinta, sai a wajenta kawai, a kan wannan ne ma aka kai ta ƙara a Ingila a 2022 ana neman fam biliyan 5. Duk wanda ya sayi na'urar da ba ta cin faifai ya ɗaure kansa da kanti ɗaya har ranar da za ta lalace

Laminu Damagaram: Mu sefa ba ta faɗi kamar naira ba amma dala 70 ta kai jika arba'in, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ga data kuma, wani Call of Duty ɗin ya fi giga ɗari, kafin ka gama saukewa sai wani sabuntawar ya zo ya ce sai ka ƙara. Wanda yake da intanet na gida marar iyaka bai san wannan kuɗi ba ne

Sadik Zariya: To amma ku faɗi gaskiya mana, nawa ne cikinmu suka taɓa sayen faifai na asali lokacin PS2? Duk na'urar da ke gidajen gem an sa mata cif, faifan kofi ne na naira ɗari biyu, aka koma loda wa a hard disk, wato ma'ajiyar na'urar, lokacin PS3, PS4 ma duk wadda za a iya fasawa an fasa. Kamfani yana duba inda kuɗi ke shigo masa ne, in kasuwa ba ta biya me zai sa ya buɗe ofis a cikinta. Ba na cewa sun kyauta, amma mu ma da namu

Malam Nura: Sadik ya faɗi abin da ya kamata a ji. Ni ba na buga gem sosai yanzu, yarana ne suke yi, amma kofi dai cin haƙƙin wanda ya yi wahala ne, kada don kamfani yana da kuɗi mu ce ya halatta. Sai dai Sadik ka duba ta ɗaya gefen, wanne ya riga wanne? Mutumin da babu shagon da zai saya a garinsu, katin bankinsa ba ya biya a waje, farashin kuma an yanka shi da aljihun Ba'amurke, wace hanya aka bar masa? Ka dubi waya mana. Ranar da aka sauƙaƙa wa yara sayen UC na PUBG da dayamon na Free Fire, wato kuɗin cikin gem, da naira ta hanyar tura kuɗi, ai ga shi nan suna saye har abin ya zama damuwa. Ashe mutanenmu suna biya in an kawo musu abin daidai ƙarfinsu

Sadik Zariya: Haka ne Malam, wannan na karɓa. Steam ma sun taɓa yin farashi mai sauƙi wa Turkiyya da Ajantina da kuɗin ƙasarsu, sai mutanen wasu ƙasashe suka riƙa canja adireshi suna saye a can, ga kuɗin ƙasashen yana ta faɗuwa, a Nuwamban 2023 suka mayar da su dala. Abin ba sauƙi gare shi ba

Maman Hanif: Assalamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da nawa tunda Malam ya ambaci yara. Ni ba tsadar na'ura ce damuwata ba, wannan na kyauta ɗin da ke waya shi ne ya fi ban tsoro. Yarona ɗan firamare ne, na bar masa wayata yana wani gem na harbe-harbe, ashe katina yana maƙale a ciki tun wani abu da na saya. Sai alat nake ta gani ƙanana ƙanana, da na zauna da shi na ce ya nuna min, wallahi shi bai ma san kuɗi yake kashewa ba. Akwatin yana walƙiya, agogo yana ƙirga saura minti kaza tayin ya ƙare, maɓallin saye babba ne kore, na fita kuma ɗan ƙarami a can kusurwa da ƙyar na gan shi ni kaina. Kuma abin da ya saya ba bindiga ba ce ko riga kai tsaye, akwati ne da za a buɗe ko ka samu ko kar ka samu. Yana ta kuka wai abokansa duk suna da rigar shi kaɗai ne babu. Wannan wanda ya tsara shi ya san me yake yi, da yara yake nufi

Usman Manchesta: Anti sannu, Allah ya mayar da alheri. Abin da kika gani da idonki hukumomi ma sun gani. A Disamban 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Epic mai Fortnite biyan dala miliyan 520, miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane kuɗinsu ne saboda yadda aka tsara maɓallai mutum ya saya bai shirya ba, sauran kuma na tattara bayanan yara ba izinin iyaye. Ki shiga saitin Play Store ki sa sai an nemi kalmar sirri ko yatsa a kowane saye, kuma ki cire katin gaba ɗaya ya fi

Maman Hanif: Na gode ƙanina, na cire tun ranar. Amma iyaye nawa ne suka san ana yin haka

Baffa PES: Tunda an zo maganar akwati to a zo kan ƙwallo, don nan ne mu abin ya shafe mu kai tsaye. Ultimate Team, sashen tara 'yan wasa a gem ɗin FIFA na kamfanin EA, shi ne uban wannan harkar. A shekarar kuɗinsu ta 2021 kaɗai ya kawo musu dala biliyan 1.62. Kana sayen fak, wato ƙunshin katunan 'yan wasa, ba ka san wa ke ciki ba, su da kansu da suka fara rubuta yiwuwar samu a FIFA 19 manyan katunan ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari suka rubuta. Kuma abin takaicin duk 'yan wasan da ka tara shekara guda, Satumba na zuwa sabon gem ya fito ka koma sifili, ba ka tafiya da ko ɗaya. Ka biya kuɗin gem, ka biya kuɗin PS Plus kafin ka buga da mutane, wanda shi ma a 2023 suka ɗaga na shekara daga dala 60 zuwa 80, sannan ka zo ka biya fak. Da suka rabu da FIFA suka koma FC 24 kuma sai suka kwashe tsofaffin FIFA daga shagunan intanet, wanda yake son tsoho mai araha babu

Malam Nura: Baffa wannan da ka kwatanta, ka ba da kuɗi tabbas a kan abin da ba ka san me zai fito ba, ko ka ci ko ka faɗi, wane suna gare shi in ba caca ba? Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa, amma ni dai a gidana na hana. Ciniki a musulunci sai an san abin da ake saye

Sadik Zariya: Su hujjarsu ita ce ba ka taɓa fita hannu wofi, kowane fak akwai wani abu a ciki, kuma ba za ka iya mayar da shi kuɗi a hukumance ba. A 2022 ma kotun Holan ta soke tarar da aka ci EA

Usman Manchesta: Amma Beljiyam ta ce caca ce tun 2018, kuma daga Janairun 2019 EA ta daina sayar da FIFA Points, kuɗin sayen fak, a can. Gem ɗin bai mutu ba, 'yan Beljiyam suna buga ƙwallonsu har yau. Wato in hukuma ta tsaya kamfani yana bi

Zee CODM: Ni zan ɗan bambanta da ku kaɗan. In ba don tsarin kyauta ba da yawancinmu ba mu taɓa buga komai ba, musamman mu mata da ba ma zuwa gidan gem. CODM, wato Call of Duty na waya, ya fito a 2019 kyauta, da waya kawai kina buga wa da mutanen duniya, wanda bai sa ko sisi ba yana iya cinye wanda ya kashe dubu ɗari in ya fi shi hannu. In kwalliya ce kawai ake sayarwa kuma an rubuta farashinta a fili ni ban ga laifi ba, mai so ya saya. Inda na ƙi shi ne juya-juyar nan ta sa'a da kuma inda kuɗi ke sa ka fi ƙarfi

Maman Hanif: Zee ke babba ce kin san iyakarki, yaro ɗan shekara tara fa

Zee CODM: Gaskiya ne Anti, shi ya sa na ce ta sa'ar a cire ta

Abba Mai Gem: Ku bari in faɗa muku yadda abin yake a gidan gem don wasu ba su san lissafin ba. Yaro yana shigowa abin da zai fara tambaya shi ne sabon ne? In ɗan wasa ya koma wani kulob a watan Agusta kuma bai gan shi da sabuwar riga ba, ya juya ya tafi shagon gaba. Saboda haka mai shago dole ya sabunta duk shekara ko yana so ko ba ya so, kuma abin da ya canja a ciki sau da yawa sunaye ne da riguna da ɗan gyaran gudu. Ga fetur na janareta, ga hannu da ke lalacewa, analog ɗin ya fara ja gefe ɗaya ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba ka taɓa ba, yara su ce hannun ne ya sa aka ci su a yi ta rigima. Kai kuma ba za ka iya ƙara kuɗin wasa yadda kake so ba don 'yan makaranta ne da masu koyon sana'a. Baffa kai da kake PES, gem ɗin ƙwallo na Konami, ka san lokacin da ake sa fayil a filas a gyara sunaye da riguna a ci gaba da tsohon gem shekara uku

Baffa PES: Sosai. Konami ai ita ta kashe mana wannan da hannunta, ƙarshen Satumban 2021 ta kawo eFootball 2022 ta ce kyauta ne, ya fito fuskokin 'yan wasa a karkace, kulob kaɗan, babu Master League da muka taso da shi, sai da suka fito suka ba da haƙuri. Yanzu ya gyaru sosai musamman a waya, amma an gina shi ne a kan sayen koin da intanet, ba a kan mutum biyu su zauna a benci ɗaya su kara ba

Sadik Zariya: To ai akwai Game Pass na Microsoft ga wanda ba ya son sayen ɗaya ɗaya, ka biya na wata ka buga ɗaruruwa

Usman Manchesta: Akwai, kuma da farko garaɓasa ce ta gaske. Amma duba yadda ta kaya. Microsoft ta sayi Bethesda dala biliyan 7.5, ta sayi Activision Blizzard kusan biliyan 69 aka kammala a Oktoban 2023, wata uku bayan nan ta sallami ma'aikata 1,900 a ɓangaren gem, a Mayun 2024 ta rufe Tango da suka yi Hi-Fi Rush wanda kowa ya yaba. Sai ga Oktoban 2025 Game Pass Ultimate ya tashi daga dala 20 zuwa 30 a wata. Ka shekara biyar kana biya, watan da ka kasa biya ba ka da ko gem ɗaya. Kuma Sadik maganarka ta tsadar haɗawa, ai su suke zaɓar hakan. Sony ta zuba kuɗi a gem ɗin Concord, ya fito 23 ga Agustan 2024, 6 ga Satumba aka kashe shi, sati biyu, aka rufe kamfanin da ya yi shi. A nan dai sun mayar wa mutane kuɗinsu, wannan a yaba musu. Amma wa ya ce su bi wannan hanyar? Kowa yana son ya samu nasa Fortnite ɗin da za a yi ta tatsa shekara goma. Larian sun yi Baldur's Gate 3 a 2023 babu sayen komai a ciki kuma sun ci riba, Silksong ya fito a 2025 dala 20

Laminu Damagaram: Abin da na fahimta a duk labaran nan, duk inda suka ja da baya surutun masu saye ne ya sa. Xbox One a 2013 sun ce sai na'ura ta leƙa intanet kullum kuma ba a ba da aron faifai yadda aka saba, mutane suka ƙi, Sony ta samu kasuwa a kansu, kafin wata ya ƙare suka janye. 2021 Sony ta ce za ta rufe shagon PS3 aka yi ca ta fasa. To mu da ba ma cikin lissafi surutunmu wa zai ji

Zee CODM: A waya kam sun fara ji, don a nan muke da yawa. Carry1st da ke sayar da CP, kuɗin cikin CODM, da sauransu da kuɗin gida, Sony da kanta ta zuba jari a cikinsu a farkon 2024. Sun san akwai kasuwa

Malam Nura: Ina da tambaya Usman. Na ji an ce Saudiyya ta sayi EA, kamfanin ƙwallon nan, gaskiya ne? In haka ne ko za su cire wannan akwatin na sa'a?

Usman Manchesta: Malam an sanar da cinikin a Satumban 2025, dala biliyan 55, asusun zuba jari na Saudiyya PIF ne da Silver Lake da kamfanin Jared Kushner surukin Trump. Amma kar ka sa rai sosai, don kusan biliyan 20 na kuɗin bashi ne daga bankin JPMorgan, kuma a irin wannan cinikin kamfanin da aka saya shi ake ɗora wa bashin ya biya da abin da yake samu. Abin da ya fi kawo wa EA kuɗi kuwa shi ne Ultimate Team. Ni a ganina mai bashin biliyan 20 a wuya ba zai taɓa fak ba, sai dai ma ya ƙara

Sadik Zariya: Wannan hasashe ne dai Yaya Usman, ba mu gani ba tukuna

Usman Manchesta: Hasashe ne, na ce a ganina

Malam Nura: To Allah ya kyauta. Maman Hanif in ba damuwa ki rubuto yadda kika cire katin daki-daki, akwai iyaye a makarantarmu da zan tura wa

Maman Hanif: To Malam, bari in sauke girki zan rubuto da hotunan kowane mataki in sha Allah